Tagogin Jirgin Baba

Aikin nan ya ba ni wahala. Tun da na fara riƙe zarto ban taɓa yin aikin da ya ci mini ido da ƙugu kamarsa ba, kuma abin duka tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Wata bakwai na yi a kansa. A wata bakwai sai in yi wa gidan sama ƙofofi da tagogi, in ɗora masa rufi, in koma gefe in sha shayi. Amma ga ni nan, ƙato da furfura a gemu, na duƙa kan benci ina fere tsinken tsire da reza, in na ɗago kai sai wuyana ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ni kafinta ne a Makera. Da can a masaƙa nake, a Kakuri, sashen da muke haɗa akwatunan da ake zuba atamfa. Da aka rufe masaƙar kowa ya kama gabansa, ni na kafa rumfa a bakin layinmu ina yin benci da kujerun makaranta da duk abin da ya samu. Ƙananan jiragen ruwan da nake sassaƙawa kuwa zaman banza ne ya kawo su. Wata shekara aiki ya yi ƙasa, ina zaune a shagon wani mai kemis ina kallon kalandar da ke bango. Akwai hoton jirgin ruwa irin na da, mai manyan ƙyallaye a sama da iska ke turawa. Da watan ya ƙare na roƙe shi shafin. Na koma rumfa na ɗauki guntun katako na fara kwaikwaya. Na farkon ya fito kamar akushi. Na biyu ya ɗan yi kama da jirgi. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi, ana saye a ajiye a ofis ko a falo ko kan teburin otal. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne kogin Kaduna, shi ma yawanci daga kan gada.

Ba a sayar da kayan wannan aiki a kasuwa, kai za ka ƙera abinka. Ƙananan cizal ɗina na fafe katako daga karyayyen zarton ƙarfe na wasa su. Mafi ƙanƙanta a cikinsu wayar ƙafar keke ce, na daka bakinta, na wasa, na sa mata ƙota. Jikin jirgi da katakon malaina nake yi, wadda ta shekara tana bushewa a saman rumfa, don ba ta gardama da wuƙa. Inda ake son duhu sai in sa maɗaci. Igiyoyi zaren ɗinkin takalmi ne, in ja shi cikin kakin zuma don kada ya yi gashi. Gam kuwa da bakin allura ake ɗiba, in ya fi haka ya yi yawa.

Mutumin da na yi wa wannan jirgi Baba muke ce masa, tun a masaƙa. Mutumin Binuwai ne, Kirista, ya girme ni da fiye da shekara ashirin da biyar. Shi ke kula da boila, babbar tukunyar tururin masaƙa. Ranar da na fara aiki ina saurayi, ban san kowa ba, lokacin abinci na zauna a bayan sito ba ni da abin ci. Ya zo ya ajiye mini rabin gasasshiyar doyarsa ya wuce. Daga nan ne. Mun zauna layi ɗaya a Makera shekaru da yawa, har lokacin da gari ya yamutse kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Shi ya koma Unguwar Boro, ni na zauna. A can matarsa ta rasu, ya rage shi da 'yarsa, nas ce. Ina zuwa duba shi duk bayan mako biyu ko uku, in gyara masa ƙafar kujera ko sakatar ƙofa, ko da ba su lalace ba.

Wata rana a farkon damina 'yar ta kawo shi asibiti duba ido, hawan jinin ido ke damunsa, a hanyar komawa suka biyo ta rumfata. Ya ɗauki wani jirgi da na gama, ya kai shi kusa da hancinsa, ya juya shi.

"Kafinta," in ji shi, don haka yake kirana, "wannan ai jirgin kalanda ne."

"A kalanda na gan shi, Baba."

"Na sani. Jirgin da ba ya ɗaukar gyaɗa ai ba jirgi ba ne."

Shekara talatin da sanin juna, na san ya taɓa aikin ruwa, amma ban taɓa tambayarsa ba. Ranar ya zauna kan wani benci da ban gama ba ya ba ni labari. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga wani jirgi da ke bin Binuwai in damina ta cika kogi, daga Lakwaja ya wuce Makurɗi har Yola. Ya hau da gishiri da siminti, ya gangaro da gyaɗa da auduga. Shekara tara ya yi a cikinsa, a can ya koyi wutar boila. Daga baya aka daina harkar, jirgin ya ruɓe a wata gaɓa, ba wanda ya ɗauki hotonsa.

'Yar ta ce, "Ankul, bari in faɗa maka tun yanzu. Kafin Kirsimeti zan mai da shi gida. An ba ni canjin wurin aiki zuwa Makurɗi, shi ma kullum zancensa ke nan."

Na ce, "Ziyara?"

"A'a, gaba ɗaya."

Baba ya ajiye jirgin kalandar. Ya ce, "Jikokina suna can suna ganin kogi kullum. In na ce musu jirgi mai hawa biyu ya taɓa bi ta nan sai su yi mini dariya. Ka yi mini shi, Kafinta. Ina so in tafi da jirgina a hannu."

Na ce to. Ban san abin da na ce wa to ba.

Ranar Lahadi bayan ya dawo coci na je Unguwar Boro da takardar buhun siminti da fensir. Ya zauna a tsakar gida yana zana mini a ƙasa da sanda, ni ina kwafa. Lokacin idonsa na dama yana gani kaɗan, in ya karkata kai yana gane layin da ya ja. Hawa biyu. Ƙasa akwai boila da injin da wurin kaya. Sama ɗakuna ne, taga bakwai a kowane gefe. Dogon bututun hayaƙi a tsakiya. A baya wata babbar ƙafa kamar ta amalanke, mai alluna, tana juyawa tana dukan ruwa, ita ke tura jirgin. Ya zana mini daga gefe, ya zana daga sama. Ƙasan jirgin bai zana ba, ni kuma ban tambaya ba, don a ganina na san ƙasan jirgi.

Mako uku na yi ina sassaƙa jikin. Na yi masa ƙasa mai tsini kamar ƙirjin zabo, yadda na saba yi wa na teku. Na kai masa ina jin kaina. Ya karɓa, ya shafa ƙasan, sai ya fashe da dariya har da tari, sai da 'yar ta fito masa da ruwa a kofi.

"Wannan za ka kai Binuwai? Ko Lakwaja ba za ka bari ba, ka kafe a yashi, sai wata daminar a zo a cire ka."

"To yaya ƙasan yake?"

"A shimfiɗe, kamar tire. Kogin nan wani wurin ruwa iya ƙirjina ne. Ɗan tudu kawai! Kai ko kwale-kwale ka taɓa shiga?"

"Sau ɗaya. Na yi amai."

"Ka gani."

Na dawo rumfa na jefa aikin mako ukun nan ƙarƙashin benci, na ɗauko wani katakon.

A wannan zuwan ne ya gaya mini aikinsa na farko a jirgin. Kafin a saukar da shi wurin wuta, shi ne mai gora. Yana tsayawa a goshin jirgi da doguwar gora mai zanen ja da fari, yana caka ta a ruwa yana kiran zurfin da ƙarfi, matuƙi yana sama yana saurare. In ya yi kuskure jirgi ya hau yashi. Ya yi mini kiran a tsakar gidan nan, da wata murya da ban san yana da ita ba, har kajin maƙwabta suka watse.

Ya ce, "Ka sa ni a ciki. Ɗan ƙaramin mutum a goshi, da gajeren wando."

Na ce, "Baba, ka san ba na sassaƙa mai rai."

"Ai na kusa zama marar rai, yi abinka."

"Allah ya ƙara nisan kwana. Ba zan yi ba."

"Tsoro kake ji kada in fi ka kyau." Sannan ya ce, "To, yi gorar. Wanda ya ga gora ya san akwai mai ita."

Daga nan kullum da sassafe, kafin ido ya gaji, sai in yi awa biyu a kan jirgin, sannan in koma kan kujerun makaranta da ke ciyar da mu. Bayan la'asar in sake komawa. Sauran kafintocin layin su kan leƙo su ce, "Injiniya, yaushe za a sa shi a ruwa mu zo kallo?" Sai in ci gaba da aikina.

Ƙafar bayan nan ita ta kusa sa ni rantsuwa in bar aikin. Allo goma sha biyu, kowanne bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, kuma dole ta juya. Sau uku tana watsewa a hannuna. Damina ta yi nauyi, gam ya ƙi kamawa, katako ya sha sanyi ya kumbura. Abin da na auna da safe, da yamma ya ƙi shiga. Na sayi tabarau irin na bakin titi, bayan wata guda na sayi wanda ya fi shi ƙarfi. Maiɗakina ta kan kawo mini abinci rumfa ta tsaya a kaina.

"Malam, jirgin nan da ba inda za shi ya fi mu ganin fuskarka."

"Za shi Binuwai."

"A cikin kwali. Ci abinci kafin ya huce."

Yanzu bari in faɗi inda na yi wauta, don saboda ita nake wannan rubutu. A sana'ar nan, abin da ya yi ƙanƙanta da yawa ba a sassaƙa shi, zana shi ake yi. Haka na koya wa kaina, haka kuma masu saye suke so. Taga, sai ka sa baƙin fenti mai kusurwa huɗu, ka zagaye shi da fari, ka ɗiga ɗan shuɗi a kusurwa ɗaya da bakin allura. Daga taku biyu sai ka rantse gilashi ne. Ƙofa ma haka. Layin katakon daɓe da fensir mai tsini nake ja. In an gama sai a bi da folish, a goge da samfefa mafi laushi, a sake, har sau biyar, sai jirgin ya yi santsi kamar tangaran. Wannan santsi shi ne alfaharina. Duk wanda ya zo saye abin da yake fara yabawa ke nan.

Na yi wa jirgin Baba duk wannan, na ma ƙara. Tagogi goma sha huɗun nan mako biyu suka ci, da burushin da na rage wa gashi har ya saura kamar guda biyar. Kuma a wata biyun ƙarshe ban je Unguwar Boro ba. Da gangan. So nake ya gan shi a gama, kada ya gan shi rabi ya sake yi mini dariya. In ya kira ta wayar 'yarsa sai in ce, "Ana nan ana yi." Ya ce, "Kada dai ka sa masa ƙirjin zabo." Na san ciwon idonsa ba mai komawa baya ba ne. An faɗa mini, na kuma ji. Kaina ya sani, hannuna ne ya ci gaba da abin da ya saba.

Ranar Asabar motar kayansu za ta tashi. Folish na ƙarshe bai bushe ba sai Laraba. Alhamis bayan azahar na naɗe jirgin cikin tsohon zanen maiɗakina, na sa a kwali, na hau keke napep na rungume shi a cinya. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Sabon Tasha sai na ji shi a cikina. Na ce wa mai keken ya bi a hankali, ya ce, "Alhaji, ƙwai ne?" Na ce ya fi ƙwai.

'Yar ta tare ni a ƙofa. Gidan duk a hargitse, jakunkuna a ɗaure, an sauke labule. Ta rage murya.

"Ankul, idon ya tafi gaba ɗaya. Wata guda ke nan. Ko fitila ba ya gani. Shi ya hana a faɗa maka, wai kada hannunka ya yi sanyi."

Na yi salati. Tausayinsa ya kama ni, amma wallahi ko a lokacin tunanina bai kai kan abin da ke cikin kwalin ba.

Yana zaune a baranda kan kujerar da na sha gyarawa. Na yi sallama, ya juyo da fuskarsa, amma ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan.

"Ɗan tudu ya iso. Ina jin warin folish tun daga get."

Na durƙusa na kwance zanen, na ɗora masa jirgin a cinya. 'Yar ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, Ankul!"

Da ƙasan ya fara. Ya shimfiɗa tafinsa ya bi daga goshi zuwa baya. "Yawwa. Wannan zai wuce Makurɗi." Ya laluba baya ya sami ƙafar, ya taɓa ta da yatsa, ta juya. Ya sake juya ta. Sai ya fara yi mata ƙara da baki, caf-caf-caf, yana kaɗa kai. Ya sami bututun hayaƙi. Ya sami matakalar hawa sama ya ƙirga ta da farce. A goshi ya sami gorar a jingine inda na manna ta, ya daɗe yana riƙe da ita tsakanin yatsa biyu.

Sannan yatsunsa suka hau bangon ɗakunan sama. Suka tafi daga gaba zuwa baya. Suka dawo. Suka sake tafiya, wannan karon a hankali, yana ɗan dannawa. Ina durƙushe ina kallon yatsun nan masu tabon ƙunar boila suna wucewa a kan tagogina, ba abin da ya tare su. A nan ne abin ya faɗo mini. Ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa a baya.

"Ya yi kyau, Kafinta," in ji shi. "Ya yi kyau ƙwarai."

'Yar ba ta lura ba, tana ta murna. "Baba, har da tagogi fa! Kamar gilashin gaske, har haske suke yi."

"Nawa ne?"

Ta ƙirga. "Bakwai. Nan ma bakwai."

"Daidai ne." Ya yi murmushi, ya ɗora yatsa a wani wuri. "Ta uku daga baya ta kicin ce. Ta nan kuku yake miƙo mini ƙanzon shinkafa in kyaftin ba ya kallo. Wani Banufe ne, mai faɗan tsiya, amma ba ya iya ganin mutum da yunwa. Ga ta nan, ko?"

Yatsan nasa tsakanin taga da taga yake, a kan farin bango.

'Yar ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "E, Baba, nan ne."

La'asar ta yi, na ɗauki butar da suke ajiye mini a bayan ƙofa tun matarsa na da rai, na yi alwala, na buɗe kwalin na shimfiɗa a gefen baranda na yi salla. Da na sallame sai na gan shi, jirgin yana cinyarsa, yatsan yana ta kai da komowa a bangon nan. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini addu'a irin tasu, doguwa, ya sa 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in zo Asabar da safe mu yi ban kwana. Na ce in Allah ya yarda.

Na iso gida dab da magariba. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida.

"Ya ji daɗi?"

"Ya ce ya yi kyau."

"To wannan fuskar ta mece ce?"

Na zauna kan tabarma na gaya mata komai. Na ce na yi wa makaho jirgin masu ido. Wata bakwai mutumin nan yana jira, ya ba ni tagoginsa bakwai-bakwai, na mayar masa da bango.

Ta ce, "Ba a gyarawa?"

Na ce gyaran shi ne a yanka. A sa cizal a kan folish ɗin nan a fafe kowace taga, fenti ya tafi, farin katako ya fito kamar tabo. Ba lokacin sake fenti, kwana ɗaya ya rage. Kuma bangon bai fi kaurin kwalin ashana biyu ba. In hannuna ya goce ya tsage daga gaba har baya, shi ke nan, ya tafi Binuwai da tarkace. Yanzu ko ba komai jikokin za su ga jirgi mai kyau su daina yi masa dariya. Na ce mata ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kuma da wannan idon nawa ba zan sake ba.

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Gobe Juma'a ce. In za ka, ka fita da wuri, don ka dawo ka sami masallaci."

Ban ce mata za ni ba.

Washegari da na dawo daga sallar asuba na buɗe rumfa. Na wasa cizal uku a kan dutse, har da ta wayar keken, sai da suka aske gashin hannuna. Na ɗauki sabuwar reza da ɗan gam da allura da tabarau mai ƙarfin, na naɗe su a tsumma na sa aljihu. Kafin ƙarfe bakwai ina Unguwar Boro.

Na same shi a baranda da kofin shayi, an rufa masa bargo a kafaɗa, jirgin yana kan tebur kusa da hannunsa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"Yau Asabar ce? Ko mantuwa ka yi?"

"Mantuwa na yi. Ban sa tagogi ba."

Ya ajiye kofin a hankali. "Yarinya ta ce akwai."

"Akwai nata. Naka ne babu."

Ya ɗora hannu kan jirgin. Sannan ya ce, "Za ka ɓata fentin. An ce yana ƙyalli."

"Zan ɓata."

"In ya tsage fa?"

"In ya tsage ka zage ni har Makurɗi."

"Wannan ko bai tsage ba zan yi."

Na ja benci na zauna gab da shi, gwiwa da gwiwa, na ɗora jirgin kan tsumma a tsakaninmu. Na kama yatsansa na ɗora a kan taga ta farko, na ce ya ji wurin, sannan na ɗauke shi. Na yi bisimilla. Na ja reza a gefe huɗu, folish ɗin ya yi ƙas, na sa cizal na ɗebe baƙin fentin da ɗigon shuɗin da na yi yini guda ina gyarawa. Ɓawon ya faɗi kan bargonsa. Na zurfafa kaɗan-kaɗan ina riƙe numfashi, har ya yi ramin da kan yatsa zai faɗa. Na hure ƙurar na mai da yatsansa wurin.

"Ɗaya," in ji shi.

'Yar ta fito da tsintsiya, ta ga abin da nake yi. Ta koma ciki ta kawo mini shayi.

Da na zo kan ta kicin ya ce kullum a buɗe take saboda hayaƙi, sai na huda ta har ciki. Ya nemi tsinken ashana ya zura, ya zare, ya yi 'yar dariya shi kaɗai. A ta shida katakon ya tsage, tsawon ƙwayar shinkafa. Na tsaya cak. Na ɗebo gam da bakin allura na sa, na danne da babban yatsa. Ya ɗora hannunsa kan nawa.

"Hannunka na rawa, Kafinta."

"Tsufa ne."

"Kai ma?"

Muka zauna haka har gam ya kama.

Wajen ƙarfe tara na gama bakwai na gefen dama. Gefen duk ya yi fari-fari, ba sauran ƙyalli. Ya bi su da yatsa daga gaba zuwa baya yana ƙirgawa a fili, ya dawo ya sake. Na goge cizal a wandona, na gyara tabarau, na juya jirgin, na kama gefen hagu.